An Kore Ka Daga Aiki: Kotu Za Ka Fara Zuwa, Ko Hukuma Za Ka Fara Kai Wa Kuka?

Ba safai ma'aikaci yakan riƙe takarda mai nauyi kamar takardar kora ba. Layi huɗu ne ko biyar, da sa hannun wani jami'i a ƙasa, amma a cikinsu akwai kuɗin hayar gida, da kuɗin makarantar yara, da mutuncin da mutum ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana tarawa. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda, in ya tabbata a ransa cewa an zalunce shi, abin da yakan fara faɗo masa shi ne kotu. 'Yan'uwa da abokan arziki ma can sukan tura shi, su ce kada ya yarda, ya nemi lauya tun da sassafe.

To, neman haƙƙi ba laifi ba ne. Sai dai akwai wata tambaya da lauyan hukuma yakan fara jefawa a gaban alƙali, tun ba a taɓa maganar ko korar ta halatta ko ba ta halatta ba. Tambayar kuwa ita ce: shin mai ƙara ya bi matakan kai kuka waɗanda dokar wurin aikinsa ta shimfiɗa kafin ya zo nan? In amsar a'a ce, sau da yawa nan shari'ar takan tsaya, a ce mutum ya riga malam masallaci, a soke ƙararsa, ko da kuwa yana da gaskiya.

A ɗaya gefen kuma akwai wani ramin. Wanda ya kai kukansa ga hukuma, ya zauna yana jiran amsa wata da watanni, yana iya zuwa kotu a ce masa ya makara, domin wa'adin da doka ta ba shi ya wuce. Watau dai gaba kura, baya sayaki. Abin da wannan sharhi yake son nunawa shi ne yadda ma'aikaci zai bi ta tsakanin waɗannan ramuka biyu, da kuma abin da manyan kotunan Nijeriya suka faɗa a kan kowannensu.

Wane irin aiki kake yi?

Kafin kome, ya kamata mai karatu ya san cewa a idon shari'a ba duka ayyuka ne ɗaya ba. Akwai aikin da ya dogara ga yarjejeniya kurum tsakanin mai ba da aiki da ma'aikaci, kamar aikin kamfani, ko banki, ko kanti. A irin wannan, abin da aka saba shi ne kotu ba ta tilasta wa mai kamfani ya ci gaba da zama da wanda ba ya so. In an sallami mutum ba bisa ƙa'ida ba, diyya ake ba shi, galibi kuwa kuɗin wa'adin sanarwar da ya kamata a ba shi ne. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ƙayyade mafi ƙarancin wannan wa'adi ga ma'aikatan da ta shafa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, sa'an nan wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. A shekarun baya-bayan nan kotuna sun fara ba da diyyar da ta fi haka inda suka ga an yi rashin adalci. Alal misali, a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu a wata shari'a da ta shafi kamfanin Sahara Energy.

Akwai kuma aikin da doka ce da kanta ta shimfiɗa yadda za a ɗauki mutum, da yadda za a hore shi, da yadda za a raba shi da aikin. Ma'aikatan gwamnati da aka tabbatar a kan aikinsu, da manyan ma'aikatan jami'o'i da na waɗansu hukumomi, suna cikin wannan rukuni. A nan, in aka tsallake mataki ɗaya daga cikin matakan da doka ta ajiye, kotu tana iya cewa korar ba ta auku ba sam, ta umarta a mayar da mutum bakin aikinsa, a biya shi albashinsa na duk tsawon lokacin da ya yi a waje.

Wannan matsayi bai samu a banza ba. A zamanin Turawa an ɗauki ma'aikacin gwamnati tamkar baran Sarauniya, wanda ake iya sallama a duk lokacin da aka ga dama. A 1975, a zamanin Janar Murtala Muhammed, an raba ma'aikata fiye da dubu goma da ayyukansu cikin 'yan watanni, da yawa ba tare da an saurare su ba. A 1981 ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Shi wannan mutum lauya ne a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya. Babbar Kotu ta ce cire shi da aka yi bai halatta ba, amma hukumar ta ƙi mayar da shi. Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idojin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka, hukuma ba ta da ikon yi musu karan tsaye, kuma ana iya tilasta mata ta mayar da shi. A 1985 kuma, a shari'ar Farfesa Olaniyan da abokansa da Jami'ar Legas, kotun ta ce ba shi yiwuwa jami'a ta zargi malamanta da laifi, sa'an nan ta sallame su da albashin wata shida a madadin sanarwa, ba tare da ta bi hanyar bincike da sauraro da dokar jami'ar ta tanada ba. Aka mayar da su.

Sai dai a lura, Dokar Soja mai lamba 17 ta 1984 ta rufe ƙofar kotu ga ma'aikatan da aka cire a ƙarƙashinta, kuma mutane da yawa sun rasa hanyar neman haƙƙi saboda ita. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a sashe na 36, ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci.

Abin lura a nan shi ne, takobin kaifi biyu gare shi. Dokar da ta hana hukuma tsallake mataki wajen korar ma'aikaci, ita ce kuma sau da yawa take hana ma'aikacin tsallake mataki wajen kai kukansa.

Matakan cikin gida

A aikin Gwamnatin Tarayya, littafin Ƙa'idojin Aikin Gwamnati, wanda aka sabunta a 2008, aka sake sabuntawa a 2021, shi ne ya shimfiɗa hanyar horo. Ana fara ba ma'aikaci takardar neman ba'asi, wadda za ta bayyana abin da ake zarginsa da shi filla-filla, a kuma ba shi lokaci ya amsa a rubuce. In laifin babba ne akan kafa kwamitin bincike, ma'aikacin ya bayyana a gabansa, ya ga takardun da ake kafa hujja da su a kansa, ya yi wa shaidu tambayoyi. Bayan haka ne mai ikon yanke hukunci zai yanke. Ikon horon na Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. A ƙa'idojin 2008 ta wakilta Manyan Sakatarori su hori ma'aikatan da ke mataki na 13 zuwa ƙasa, amma ikon kora ta ba su shi ne daga mataki na 06 zuwa ƙasa kawai. Saboda haka tambaya ta farko da wanda aka kora zai yi ita ce: wanda ya kore ni, yana da ikon yin haka? Jihohi ma suna da nasu hukumomin da nasu ƙa'idojin, waɗanda galibi suke kama da na tarayya.

Littafin ya kuma keɓe babi guda domin koke da ɗaukaka ƙara, inda ya nuna wanda za a rubuta wa da hanyar da takardar za ta bi. A jami'o'i kuwa, dokar da ta kafa kowace jami'a ita ce take faɗin yadda za a cire malami ko babban ma'aikaci, da kwamitin da zai binciki maganarsa, da matsayin Majalisar Gudanarwa a kai. Ɗalibin da aka kora ko aka dakatar, dokokin jami'o'in tarayya sun ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa. A aikin soja maganar ta fi haka tsanani, domin Dokar Rundunonin Soja, a sashe na 178, ta ce hafsan da yake ganin an cuce shi, lalle ne ya ƙare hanyoyin kai kuka na cikin gida kafin ya ɗauki wani mataki dabam.

Me ya sa kotu take dagewa?

Mai karatu yana iya cewa, ina amfanin kai kuka ga wanda ya mare ka? Tambaya ce mai ma'ana, amma masu shari'a suna da dalilansu.

Na farko, majalisar da ta yi dokar ita ce ta ajiye matakan, aikin kotu kuwa shi ne ta bi doka, ba ta tsallake ta ba. Na biyu, muddin akwai wata hukuma a sama da take da ikon soke hukuncin, to maganar ba ta ƙare ba tukuna. Kotu ba ta son ta yi shari'a a kan abin da gobe ana iya warwarewa ba tare da ita ba. Na uku, akwai al'amuran da mutanen cikin gida suka fi alƙali saninsu, kamar ingancin aikin likita, ko darajar takardar jarrabawa. Na huɗu, hanyar cikin gida ta fi sauƙin kuɗi, kuma in an yi niyyar gaskiya ta fi sauri. Na biyar, kuma wannan shi ne wanda ma'aikata ba su cika lura da shi ba, takardun da aka yi musaya a lokacin ɗaukaka ƙarar su ne sukan zama hujjar mutum in an je kotu. Hukumar da aka nuna wa kuskurenta a rubuce, ta ƙi gyarawa, ta shiga kotu da rauni.

Shari'o'i biyu na ɗalibai sun fito da wannan ƙa'ida fili, kuma lauyoyi sukan kafa hujja da su har a shari'ar ma'aikata. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Akintemi da Farfesa Onwumechili, wanda ya shugabanci Jami'ar Ife. Waɗansu ɗalibai ne aka riƙe sakamakon jarrabawarsu saboda zargin maguɗi, suka nemi kotu ta tilasta a sake shi. Kotun ta ce maganar sakamakon jarrabawa da ba da digiri hurumin hukumomin jami'a ne, kuma ba za ta karɓe aikinsu ba tun ba su gama nasu ba. A 2006 kuma, a shari'ar Jami'ar Ilorin da Oluwadare, ɗalibi ne aka kora bisa zargin maguɗin jarrabawa. Yana da damar Majalisar Gudanarwa ta duba maganarsa, amma bai jira ta yanke hukunci ba, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da sunan an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam. Ya yi nasara a can, ya kuma yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Da aka je Kotun Ƙoli sai ta rushe duka, ta ce hanyar da ya shigo da ƙarar ba daidai ba ce, kuma ya yi gaggawa. A duba a gani: nasara biyu a jere, da shekarun da aka ɓata, duk suka tafi a banza, ba don an tabbatar da laifinsa a kotun ba, sai don ƙofar da ya shigo ta ita. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Yaushe ne ƙofar kotu take buɗe?

Kada a fahimci cewa hukuma tana iya fakewa da matakan cikin gida ta danne haƙƙin mutum har abada. Matakan jinkirta zuwa kotu suke yi, ba su hana shi. Akwai kuma halayen da kotu takan saurari mai ƙara ko da bai ƙare su ba.

Abu na farko da alƙali yakan duba shi ne lafazin dokar. In ta ce lalle ne a bi mataki kaza kafin a je kotu, kamar yadda dokar soja ta ce, to babu makawa. In kuwa cewa ta yi ma'aikaci yana iya ɗaukaka ƙara, ba ta kuma ce sharaɗi ne ba, akwai hukunce-hukuncen da suka ɗauki wannan a matsayin zaɓi. Haka nan akwai bambanci tsakanin matakin da dokar majalisa ta kafa da wanda aka rubuta a littafin sharuɗɗan aiki na kamfani kurum. Na farkon ya fi nauyi.

Abu na biyu shi ne inda aka take haƙƙin sauraro ƙarara. Babban misali a nan shi ne shari'ar Garba da abokansa da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairu na 1983 an yi tarzomar ɗalibai a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna mai yawa. Jami'a ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Jami'ar, wanda shi ma ɓarnar ta shafe shi, daga bisani aka kori ɗalibai da dama. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Ta ce mutum ba ya zama alƙali a maganar da ta shafe shi, ta kuma ce laifuffuka irin su sa wuta da sata manya ne, kotu ce take da hurumin tabbatar da su. Darasin da ke nan ga ma'aikaci shi ne, in ba a faɗa maka laifinka ba, ko ba a ba ka damar kare kanka ba, ko wanda ya zarge ka shi ne ya zauna ya yanke maka hukunci, to kukanka ya tashi daga maganar cikin gida, ya zama maganar Tsarin Mulki.

Abu na uku shi ne inda hukumar da za a kai wa kukan ba ta nan, alal misali an rushe majalisar gudanarwa ba a naɗa wata ba, ko kuwa an kai mata kukan ta yi gum. Doka ba ta tilasta wa mutum yin abin da ba shi yiwuwa. Amma a nan ma sai da hujja: sai ma'aikaci ya nuna wa kotu takardar da ya rubuta, da ranar da aka karɓa, da tunin da ya aika.

Tarkon wata uku

Yanzu sai mu juya ga rami na biyu, wanda ya fi na farko haɗari. Akwai wata tsohuwar doka tun ta 1916, Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda sashe na 2 nata ya ce duk wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, sai ya shigar da ƙarar cikin wata uku. Jihohi ma suna da irinta. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, wani alƙali ne ya ƙalubalanci ritayar dole da aka yi masa, amma ya zo bayan wa'adin ya wuce. Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya ga mutum ɗaya ɗaya ba, har hukumomi ta shafa, don haka ƙararsa ta mutu.

Tun kafin wannan, a 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, kotun ta ce tattaunawar neman sulhu ba ta tsayar da lissafin wa'adi. Watau mutum yana can yana kai da kawowa, ana ce masa ya dawo gobe, ana duba fayil ɗinsa, kwanaki kuwa suna ta tafiya.

Ko wannan doka ta wata uku ta shafi shari'ar kora daga aiki? A nan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun saɓa wa juna. A shari'ar Hukumar Tattarawa da Rarraba Kuɗaɗen Shiga ta Ƙasa da Johnson, ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba. A 2021 kuma, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, ta yi aiki da ita a kan ma'aikatan da suka makara. Tun da haka abin yake, mai hankali ba zai jingina abincin iyalinsa a kan sa'a ba. Ya ɗauka kawai cewa wata uku gare shi, daga ranar da takardar kora ta shiga hannunsa.

A gwada ramukan biyu. Wanda ya yi gaggawa, soke ƙararsa akan yi, yana iya komawa ya cika sharaɗin ya sake shigarwa. Har ma a 2018, a shari'ar kamfanonin Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta ce lokacin da ƙara ta yi tana gaban kotu ba a lissafa shi cikin wa'adi. Hasararsa ita ce shekaru da kuɗin lauya. Wanda ya makara kuwa, ƙofar ce take rufewa baki ɗaya, kome gaskiyarsa. Daɗin daɗawa, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun ce sai an ba hukumar sanarwa a rubuce, galibi ta wata ɗaya, kafin a yi ƙararta. Wannan watan ma daga cikin ukun nan zai fita.

Wace kotu?

An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da Dokar Soja mai lamba 7 ta 1976, amma ta daɗe ikonta yana da iyaka, shari'o'in kora kuwa manyan kotunan jihohi da ta tarayya suke zuwa. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya sauya wannan. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ita kaɗai hurumin sauraren shari'o'in aiki da ƙwadago. A 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a nan maganar take ƙarewa. Kotun Ma'aikata ta buɗe cibiyar sasanci a 2015, inda alƙali yake iya tura ɓangarorin biyu su daidaita. Akwai kuma Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo a wurinta. Amma ita ma dokarta ta hana ta binciken maganar da take gaban kotu, ko wadda mai kuka bai ƙare hanyoyin da yake da su ba.

Kada kuma mai karatu ya manta cewa hanyar kotu doguwa ce. Malamai 49 na Jami'ar Ilorin da aka kora a 2001 saboda yajin aikin ƙungiyar ASUU sun yi nasara a Babbar Kotun Tarayya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2006, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta umarta a mayar da su. Shekara takwas ke nan, kuma waɗansu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar. Waɗannan kuwa mutane ne masu ƙungiya a bayansu da manyan lauyoyi. Ina ga ƙaramin akawu ko masinja da yake tafe shi kaɗai?

Abin da ya kamata ma'aikaci ya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana zaune lafiya a ofis, ka mallaki takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatar da kai, da ta ƙarin girma, da littafin ƙa'idojin wurin aikinka, ka ajiye kwafinsu a gida. Ranar da aka kore ka, mai yiwuwa ne ko ƙofar ofishin ba za a bar ka ka shiga ba.

In an ba ka takardar neman ba'asi, ka amsa cikin lokacin da aka ba ka, a rubuce, cikin ladabi, ka tsaya a kan abin da aka tambaye ka. Wanda ya yi fushi ya ƙi amsawa, ko ya ƙi bayyana gaban kwamiti, ba zai zo daga baya ya ce ba a saurare shi ba, domin damar sauraro doka ta ce a ba shi, ba ta ce a ɗaure shi a kawo ba.

In takardar kora ta zo, ka rubuta ranar da ka karɓe ta. A cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba, ka ga lauya ko jami'in ƙungiyarku ta ƙwadago, ku karanta dokar wurin aikin tare, ku gano abu uku: wa ake kai wa kuka, cikin kwana nawa, kuma ko dole ne ko zaɓi. Sa'an nan ka rubuta takardar ɗaukaka ƙararka nan da nan. Ka jera matakan da aka tsallake ɗaya bayan ɗaya, ka bar zagi da zargin da ba ka da hujjarsa. Ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Ka faɗa a ciki cewa kana roƙon amsa cikin lokaci kaza, in ba ta zo ba ka aika tuni. In doka ta ce a ba da sanarwar ƙara, ka ba da ita da wuri, kada ka jira sai wata na uku. In wa'adin ya ƙarato ba ka ji kome ba, lauyanka ya shigar da ƙara kafin ya cika, ya haɗa da duk takardun da ke nuna ka buga ƙofa ba a buɗe ba. Har ila yau, kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin sallama, ko wadda ta ce ba ka da sauran magana, sai ka yi shawara.

Kalma ga hukumomi da ɗalibai

Nauyin ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Babban Sakatare, ko Magatakardan jami'a, ko shugaban hukumar da ya ajiye takardar kukan ma'aikaci a cikin aljihun tebur har wa'adi ya wuce, sa'an nan ya tura lauya kotu ya ce mutumin ya makara, ya sani cewa yana rushe amanar da tsarin ya ginu a kanta. In ma'aikata suka gane cewa kai kuka a cikin gida jiran gawon shanu ne, kowa kotu zai nufa. In kuma kotu ta mayar da mutum bayan shekara takwas, daga baitulmalin jama'a za a biya albashin aikin da ba a yi ba, jami'in da ya jawo hasarar kuwa watakila ya daɗe da yin ritaya. Takardar kora mai kyau ita ce wadda ta faɗa wa mutum dalili, ta kuma faɗa masa inda zai kai kuka da kwanakin da yake da su.

Ɗalibai kuma, waɗanda su ne ma'aikatan gobe, su lura cewa uku daga cikin shari'o'in da aka ambata a nan nasu ne. Littafin ƙa'idojin da akan raba musu a makon farko na shiga makaranta, wanda da yawa ba su buɗe shi, a cikinsa aka rubuta inda za su kai kuka in wani abu ya taso.

Ma'aikacin da aka zalunta yana da haƙƙi, kotunan ƙasar nan kuwa sun sha tabbatar da shi tun daga 1981. Amma haƙƙin yana da hanya, yana kuma da lokaci. Ka kai kukanka cikin gida tun a makon farko, ka riƙe shaidar ka kai, sa'an nan idonka ya kasance a kan kalanda.